Uwargidan Ro, Matar da Ta Ƙi Barin Tsibirinta

A shekarar 1927, duk mai ɗan hali a garin Kastelorizo kuɗin jirgi yake tarawa. Wasu Ostireliya suka nufa, wasu Masar, wasu Amurka. Gidaje sai rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, unguwannin da a da hayaniyar yara ta cika su suka yi tsit. A cikin wannan guguwar ƙaura ce wani mutum mai suna Kostas da matarsa Despina Achladioti su ma suka ɗaure kayansu. Sai dai su ba babban jirgi suka shiga ba. Ƙaramin jirgin katako suka hau, suka miƙa yamma zuwa wani ɗan tsibiri da ake kira Ro, inda babu gari, babu kasuwa, babu likita. Jama'a suna gudun ƙunci zuwa manyan birane, su kuwa suka ƙara kutsawa cikinsa. Despina tana da shekara 37 a lokacin, kuma sunan wannan tsibiri ne zai bi ta har kabari.

Sai mutum ya ƙura wa taswira ido kafin ya ga inda abin ya faru. Yawancin tsibiran Girka a cunkushe suke, kana kan wannan kana hangen wancan. Kastelorizo kuwa ya ware can gabas a Bahar Rum, kilomita 125 daga tsibirin Rodos, kilomita 570 daga Atina babban birnin ƙasar, amma kilomita biyu kacal daga gaɓar Turkiyya. Masu zana taswirar Girka sukan rasa inda za su sa shi, sai su yi masa ɗan akwati a kusurwar takarda. Girmansa murabba'in kilomita tara ne, kusan dukkansa dutse, kuma gari ɗaya tilo ne a kansa. Garin ya zagaye wani lungun teku mai zurfi wanda tuddai suka tare wa iska, inda jirgi zai shiga ya kwana lafiya ko da teku na hauka a waje. Wannan lungu shi ne duk arzikin garin.

An haifi Despina a 1890, lokacin da garin yake kan ganiyarsa. Mutum wajen dubu goma ne suke zaune a kan wannan dutse, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, wadda ta sakar musu mara su tafiyar da harkokinsu muddin sun biya harajin da aka yanka musu. Ba su da ƙasar noma ta a zo a gani, ruwan sha ma na sama suke tarawa, amma suna da jirage. Jiragen katako ne masu tafiya da iska, waɗanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a kan dogayen sanduna. Sukan ɗauki katako da gawayi daga dazuzzukan gaɓar Anatoliya, wato tsallaken Turkiyya, su kai Iskandariya ta Masar, su komo da shinkafa da sukari da gahawa da yadi. Wasu kuma nutso suke yi suna ciro soson teku. Kuɗin da aka samo a ruwa a gini ake zuba shi, domin a al'adarsu yarinya ba ta aure sai iyayenta sun tanadar mata gida. Haka gidaje masu hawa biyu da uku suka yi ta hawa tudu har gindin tsohon ginin tsaron da mayaƙan Kirista na Rodos suka kafa a kan jan dutse a ƙarni na 14. A bakin tashar akwai masallaci mai hasumiya na ƙarni na 18, wanda har yau yana tsaye, ko da yake an mai da shi gidan tarihi.

Kafin ta cika shekara 40 duk wannan ya rushe a gaban idonta. Jirgi mai inji ne ya fara karya su: ba ya jiran iska, ba ya bukatar fakewa a kowane lungu, attajiran garin kuma ba su sauya jiragensu da wuri ba. Bayan juyin 1908 a Daular Usmaniyya aka soma ɗaukar samarin Kirista aikin soja, sai matasa suka fara sulalewa ƙasashen waje. A Disamban 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin ruwan Faransa suka mamaye tsibirin, nan take ya zama abokin gabar Daular Usmaniyya, ƙasar da yake ci daga gare ta. Igwa daga tsaunukan tsallake ta yi ta ruwan wuta a kan garin, har a Janairun 1917 ta nutsar da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Ben-my-Chree a cikin tashar. A 1921 Faransa ta miƙa wa Italiya tsibirin. A 1923 aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, aka kwashe Girkawan garuruwan tsallake kaf, waɗanda dangi ne kuma abokan ciniki. Sai girgizar ƙasa ta 1926 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Shekara guda bayan girgizar ne Kostas da Despina suka tafi Ro.

Ro bai wuce murabba'in kilomita ɗaya da rabi ba. Duwatsu ne masu kaifi da ƙananan itatuwa masu ƙaya, irin waɗanda akuya kaɗai take jin daɗinsu. A ƙololuwarsa akwai kangon wani ginin tsaro na mutanen da, tun kafin haihuwar Annabi Isa, inda masu gadi suke hangen jiragen da ke wucewa tsakanin Rodos da gabas. Akwai kuma ɗan ƙaramin coci na Waliyyi Jojis. Babu kogi, babu rafi. A wannan yanki da sanyi ake ruwan sama, watannin zafi kuwa sai a yi wata da watanni ko ɗigo ba a gani ba, don haka abin da aka tara a rami shi ake lallaɓawa, mutum da dabba, har wata shekara. Abin da ya kai ma'auratan nan ba wani sirri ba ne, kiwo ne. Awaki, kaji, da ɗan lambu a tsakanin duwatsu. Nono da cuku da ƙwai da ganye, sai kifin da teku ya bayar. Abin da ƙasar ba ta iya bayarwa, kamar gari da man fitila, sai an jira jirgi. Da iska ta tashi kuwa, sai a yi kwanaki babu mai zuwa babu mai tafiya.

Shekara 13 suka yi a haka. A 1940 Kostas ya kwanta ciwo mai tsanani. Yadda mutanen Kastelorizo suke ba da labarin, Despina ta hura wuta don a gani daga nesa, domin a tsakanin waɗannan tsibirai hayaƙi da rana, harshen wuta da dare, su ne hanyar kiran taimako. Ba a lura da wuri ba. Sa'ad da aka samu jirgin masunta aka ɗora maras lafiyan, lokaci ya riga ya ƙure. A hanya rai ya yi halinsa, bai kai gaban likita ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don in an zo maganar lambobin yabo nan gaba ya tuna cewa nisan da ya raba mutumin nan da magani bai wuce kilomita goma ba.

Bayan an binne shi, ga Despina mai shekara 50, ba miji, ga yaƙi ya kunno kai, domin a Oktoban wannan shekara ce Italiya ta afka wa Girka. Duk wanda aka tambaya zai ce ta zauna cikin dangi. Ita kuwa Ro ta koma, tare da mahaifiyarta, tsohuwa tukuf wadda idanunta suka riga suka tafi. Wani zai ce sabo ne, sabo kuwa turken wawa. Ni ban ga wauta a nan ba. A garin da kowa ke neman ƙofar fita, me za ta ci, me za ta ciyar da makauniyar uwa? A Ro akwai awakinta, akwai ramin ruwanta, akwai lambun da ita da mijinta suka raya. A gari za ta zama abin tausayi mai jiran a sam mata. A Ro ita ce mai gida. Wahala dai tana ko'ina, sai ta zaɓi wadda ta san kanta.

Yaƙin bai bar wannan lungu na duniya ba. A Fabrairun 1941 dakarun Ingila suka sauka Kastelorizo cikin dare, amma cikin 'yan kwanaki Italiyawa suka zo daga Rodos suka fatattake su. A Satumban 1943 Italiya ta ajiye makami, Ingila ta sake karɓe tsibirin, jiragen saman Jamus kuma suka shiga zubo masa bama-bamai a watannin Oktoba da Nuwamba. Sai hukumar soja ta yanke shawarar kwashe mutanen garin baki ɗaya. Aka kai su Kubrus, daga can aka wuce da mafi yawansu Falasɗinu, aka zaunar da su a tantuna a sansanin Nuseirat da ke Gaza. Wannan Nuseirat ɗin ce dai da sunanta ya cika labarai a 'yan shekarun nan. Kafin ta zama sansanin Falasɗinawan da aka kora daga gidajensu a 1948, Girkawan tsibirai ne suka fara ɗanɗana zaman gudun hijira a cikinta.

Despina ta ƙi tafiya. Garin da aka haife ta ya zama wayam, ba kowa sai baƙin sojoji, a Ro kuwa mata biyu, ɗaya ba ta gani. Daga wannan shekara ta 1943 Girkawa suke ƙirga aikin da ya sa aka san ta. Kowace safiya sai ta ɗaga tutar Girka, shuɗiya da fara, da faɗuwar rana ta sauke ta. Babu wanda ya sa ta, babu wanda ya biya ta, kuma a takarda Ro ba ƙasar Girka ba ce a lokacin, mallakar Italiya ce. A waɗannan shekaru akwai wata rundunar Girkawa ta musamman da aka kafa a Gabas ta Tsakiya a 1942, ana kiranta Ieros Lochos, wadda mutanenta suke yawo cikin ƙananan jirage suna kai hari tsibiran da Jamus ta riƙe. Waɗanda hanya ta biyo da su Ro sun samu taimako a wurinta, rundunar ruwan Girka kuma ta yaba mata a kan haka daga baya.

Waɗanda suka bi umarni suka tafi, abin da ya same su ya isa a zubar da hawaye. A Yulin 1944 gobara ta tashi a ma'ajiyar man fetur ta sojoji a Kastelorizo, ta kama ma'ajiyar harsasai, ta cinye wajen rabin gidajen garin ƙurmus. Har yau da yawa daga cikin zuriyar garin sun yi imani cewa an wawashe gidajen kafin wutar. Da yaƙi ya ƙare aka soma mai da mutane gida. Ranar 29 ga Satumba 1945 wani jirgi mai suna Empire Patrol ya tashi daga Bur Sa'id ta Masar ɗauke da 'yan gudun hijira kusan 500, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Bai yi nisa ba wuta ta kama shi a tsakiyar teku. Mutum 33 daga cikinsu suka rasu, suna kan hanyar gida bayan shekara biyu a tanti. Waɗanda suka tsira suka iso suka tarar da toka a inda suka bar ɗakuna. Da yawa ba su ma kwance kaya ba, suka bi 'yan'uwansu Perth da Sydney a Ostireliya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma waɗannan bayin Allah ba su suka bar gida ba, fitar da su aka yi, kuma babu mai bakin zarginsu.

Sai ajalin tsohuwar ya zo mata a Ro. A duk tarihin Despina nan ne ya fi taɓa mini zuciya, kuma nan ne masu jawabin bikin tunawa suka fi saurin wucewa. Ka tsaya ka dubi halin da take ciki. Gawa a ɗaki, ba maƙwabci, ba yaron da za a aika, ba wanda zai kama mata ko da gefen mayafi. Abu mafi sauƙi shi ne ta tona rami kusa da ɗan cocin nan, ta rufe uwarta, ta jera duwatsu a kai. Babu mai ganin laifinta, babu ma mai gani. Amma a wurin Kiristocin Otodoks na Girka mamaci yana da haƙƙi a kan masu rai: limamin coci ya yi masa addu'a, a kai shi maƙabartar garinsu kusa da nasa, a kunna masa fitilar mai a kan kabari, a dafa alkama a raba wa jama'a a rana ta 40. Duk waɗannan a Kastelorizo suke, babu ko ɗaya a Ro. Sai ta sa gawar a ƙaramin jirgi, ta kama filafilai, ta nufi garin ita kaɗai.

Wanda ya saba da kwalekwalen Yawuri kada ya auna wannan da wancan. Kogi ma yana cin rai, amma a kogi gaɓa tana kusa, in ruwa ya ɓaci ka raɓa ka kama ciyawa. Tsakanin Ro da Kastelorizo buɗaɗɗen teku ne mai zurfi, babu inda gora za ta taɓa ƙasa. Tafiyar ta haura kilomita takwas, kuma ba a miƙe take ba. Tashar garin tana can ɓangaren arewa maso gabas, don haka wanda ya fito daga yamma dole ya bi gefen tsibirin, inda duwatsu suka miƙe tsaye daga cikin ruwa babu wurin sauka, ya zagaye ƙahon arewa, sannan ya karya ya shiga. A bakin irin waɗannan ƙahonni ne iska da igiyar ruwa suke karo da juna, teku ya rikice ko da a wasu wuraren yana kwance. Jiragen masuntan yankin na katako ne masu nauyi, ana ɗaure musu dogayen filafilai biyu da igiya, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikin ƙato ne, sau da yawa ma aikin mutum biyu. Mai tuƙi shi kaɗai ba shi da hutu. In ya saki filafili don ya kwashe ruwan da ya fantsamo ciki, jirgin ya juya ya ba igiya haƙarƙarinsa. In ya riƙe, ruwan ya yi ta taruwa a ƙafafunsa. Babu wanda zai karɓe shi, babu wanda zai ce masa sannu, in kuma ya kife babu wanda zai san inda ya kife. Da irin wannan jirgi, ko teku ya yi luf, tafiyar awoyi ce. Mace da ta haura shekara 50 ta yi ta, uwarta na kwance a gabanta.

Ta shiga tashar, ta miƙa tsohuwar ga ƙasar garinsu, aka yi addu'a aka rufe. Yanzu fa babu sauran wani uzuri. Ba miji a Ro, ba uwa, ba wanda take jinya. In da a ce larura ce ta riƙe ta a can, larurar ta ƙare. Amma ta koma. Wannan komawa ta biyu ita ce ta mai da ita mutum ɗaya tilo a kan tsibiri, shekara da shekaru, ba mai yi mata sallama sai masunta in sun ratso.

Duniya ta ci gaba da juyawa a bayan idonta. Yarjejeniyar Paris ta 1947 ta ƙwace tsibiran yankin daga hannun Italiya ta ba Girka, ranar 7 ga Maris 1948 aka yi bikin haɗewar. Tutar da take ɗagawa ba da izinin kowa ba sai ta zama halattacciyar tutar wurin. Amma takarda ba ta dawo da mutane ba. Garin da ya taɓa ɗaukar dubu goma ya yi ta tsiyaya har mazaunansa suka kasa kaiwa 300, alhali jikokinsa a Ostireliya sun ninka haka sau da yawa. Despina kuwa tana nan, safiya ta ɗaga, yamma ta sauke. Duk jirgin da ya ratsa ta gefen Ro ya san akwai mai rai a kan dutsen nan. Mutane suka daina kiranta da sunanta, suka koma ce mata Kira tis Ro, wato Uwargidan Ro.

Mai karatu zai iya cewa, ƙyalle a kan sanda, me ya tsinana? A wannan teku ƙyalle a kan sanda yana iya jawo yaƙi. A Janairun 1932 Italiya da Turkiyya suka zauna suka raba ƙananan tsibiran da ke kewaye da Kastelorizo, Ro ya faɗo a rabon Italiya, daga baya Girka ta gaje shi. Amma iyakar ruwa tsakanin Girka da Turkiyya ba ta taɓa kwanciya ba, musamman bayan yaƙin Kubrus na 1974. A Agustan 1975 rashin lafiya ya kai Despina Kastelorizo, sai wani ɗan jaridar Turkiyya da abokansa suka sauka Ro suka kafa tutar ƙasarsu. Da ta dawo ta sauke ta. Tsohuwa ce mai shekara 85 a lokacin, kuma maganar ta mutu a nan ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. A kwatanta da abin da ya faru a Janairun 1996 a wasu duwatsu biyu da babu kowa a kansu, waɗanda Girkawa ke kira Imia, Turkawa kuma Kardak. Nan ma da musayar tuta aka fara, 'yan jarida na ciki, kafin a ankara jiragen yaƙin ƙasashen biyu sun yi cirko-cirko, hafsoshin Girka uku suka rasu da jirginsu mai saukar ungulu ya faɗa teku, sai da Amurka ta shiga tsakani. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ma ta bambanta tsibirin da mutum zai iya rayuwa a kansa da dutsen da ba ya riƙe rai, domin haƙƙinsu a kan ruwan da ke kewaye ba ɗaya ba ne. Hujjar cewa Ro yana riƙe rai, mace ɗaya ce da awakinta.

Kada wannan ya sa a ɗauka mutanen gaɓoɓin biyu abokan gaba ne. Jirage suna kai da komo tsakanin Kastelorizo da garin Kash na Turkiyya, mutanen tsibirin suna sayen kayan miya a kasuwar tsallake, har gasar ninƙaya ake yi daga wannan tasha zuwa waccan, kilomita bakwai. Rigimar ta manya ce a Atina da Ankara. Talakan bakin ruwa ya san wanda zai fara iso masa in jirginsa ya lalace, ba ya tambayar tutarsa.

Sai da rikici ya tashi manyan Atina suka waiwayo. A 1975 Cibiyar Masana ta Atina ta ba ta lambar yabo, rundunar sojan ruwa ma ta karrama ta, 'yan jarida suka yi ta zuwa ɗaukar hoton tsohuwar mai lulluɓi. Ta cancanci duk wannan da fiye da shi. Amma daga 1948 zuwa 1975 shekara 27 ke nan, kuma a duk tsawonsu abin da mutanen wannan lungu suke bukata ba lamba ba ce, jirgi ne mai zuwa a kan kari, da likita, da abin da zai hana saurayi tafiya. Filin jirgin saman Kastelorizo ma sai a 1986 aka buɗe shi, shekara huɗu bayan rasuwarta. Ni a ganina an fi son tutar a kan mai ɗaga ta. An ɗauki abin da ya dace da jawabin hukuma, an bar matar da ta hura wuta ba a gani ba, wadda ta ciyar da makauniya a cikin yaƙi, wadda ta tuƙa gawa ita kaɗai. Alhali duk halin ɗaya ne. Wadda ta ƙi binne uwarta a inda ba a yi mata addu'a, ita ce ta ƙi barin ƙasarta ba mai tsaro. Mutum ce da in ta ɗauki abu amana ba ta duba ko akwai mai kallo.

Ta rasu ranar 13 ga Mayu 1982 a wani asibiti a Rodos, tana da shekara 92. Ta bar wasiyya a binne ta a Ro, aka kuwa cika mata. Aka kai ta da faretin girmamawa irin na soja, aka sa ta a ƙasa kusa da inda take ɗaga tutar. A 1983 gidan wayar Girka ya buga kan sarki mai hotonta, a jeri ɗaya da tsofaffin firaministoci, da marubuci Nikos Kazantzakis, da likitan nan Georgios Papanikolaou wanda ya ƙirƙiro gwajin sankarar bakin mahaifa. A dandalin Kastelorizo kuma aka kafa mutum-mutuminta.

Tun da aka rufe ta babu farar hular da ya sake mai da Ro gidansa. 'Yan sojoji ƙalilan ne ake kaiwa ana canzawa, su suke ɗaga tutar yanzu. Aikin da mace ɗaya ta riƙe shekara kusan 40 da awaki da ruwan sama, yau sai da dakaru, da jirgin kai musu abinci, da albashin gwamnati ake iya yinsa.